Abin da Amos Ya Faɗa a Majigi

Har yau hoton yana nan, cikin gwangwani mai tsatsa, a ɗakin ajiya na laburaren garinmu. Bai wuce minti shida ba, kuma babu murya a cikinsa. Baƙi idan suka kalla dariya suke yi: ga dawakan dakon kwal an cika su da furanni, ga 'yan badujala sun kumbura kumatu ba ka jin komai, ga mahauta cikin rigunan matansu suna kaɗa gwangwanin neman taimako, kowa na tafiya da sauri-sauri kamar ƙasa na ƙona shi. Sai wani ƙaton mutum da hular jarirai ya cika hoton yana motsa baki. A nan baƙi suka fi ƙyalƙyalewa. Tsofaffinmu kuwa a nan suke yin shiru.

A shekarar 1924 ne. Selina Ormerod tana da shekara ashirin da huɗu, tana riƙe da injin saƙa huɗu a babbar masaƙar Brackenroyd. Inji dubu ke ruri ƙarƙashin rufi ɗaya daga safe zuwa yamma, ko ka kafa baki a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ba. Shi ya sa da leɓe muke magana. Ka buɗe baki sosai, ka furta kalma ba sauti, na can ƙarshen ɗaki ya karanta. Da leɓe ake gulma, da leɓe ake faɗa, da leɓe ake tambayar wa ta haihu. Da leɓe kuma Amos Duckworth ya shekara biyu yana zance wurin Selina, layi biyar tsakaninsu.

Amos ƙato ne, kafaɗarsa kamar ƙofar sito, amma ya dawo daga yaƙi da i'ina. In ya tsaya gaban mutum sai kalma ta maƙale masa a haƙora, wuyansa ya yi ja, ya yi ta murza hula har mai sauraro ya ji tausayi ya ƙarasa masa. Gaban Selina kuwa abin ya fi muni. Ko "ina kwana" ba ta fita, har leɓunan ma ƙin motsi suke yi. Amma a sa masa layi biyar tsakani, a rufe duniya da rurin inji, sai ka rantse wani mutum ne daban. Yana zaune da tsohuwarsa can bisa tudu, mil biyu daga gari, kuma kowace safiya sai ya kawo wa Selina abin da ya gani a hanya: zomon da ya zauna cikin dusar ƙanƙara yana wanke fuska, tunkiyar da ta cusa kai a shinge tana hararar sa kamar shi ya aike ta, hazon da ya kwanta cikin kwari har bututun masaƙa kaɗai ya leƙo. Selina ta karanta littattafan soyayya ba iyaka, amma ba ta taɓa samun shafin da ya kai bakin Amos da sassafe daɗi ba.

Sai idanunta suka fara dushewa.

A hankali abin ya zo, cikin hunturu. Na kusa tana gani sarai, tana zura zare a allura ba kuskure. Amma duk abin da ya wuce taku huɗu sai ya narke, kamar an hura numfashi a gilashin taga. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ga abin da ya sami matar da ta zo aiki da tabarau bara: heluma, Mista Haworth, a ranar ya karɓe mata inji biyu, ya ce ba a ba mai rabin ido zaren mutane. Ga shi Selina ita ke riƙe da Goggo Tamar, yayar mahaifinta da ta rene ta, wadda shekara arba'in a masaƙa ta cinye wa kunne da gwiwa. Akwai kuma tsoron da ta fi ɓoyewa, har ga kanta: kada Amos ya dube ta da irin kallon tausayin nan da mutane ke yi masa.

Sai ta shiga dabara. In ta hangi farin nan da ta san fuskarsa ce ya juyo, sai ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Dabarar ta yi wata guda tana aiki, har ranar da ta ƙara da dariya, ta ga Florrie Clegg, ƙawarta mai injin kusa da nata, ta zaro ido.

"Ke, kanki ɗaya kuwa?" Florrie ta ce da leɓe, hanci kusa da hanci. "Mutum ya ce miki karensa ya mutu, kin bushe da dariya?"

Daga ranar Selina ba ta ƙara ɗaga kai ba. Wata shida tana kallon zare, tana jin idonsa a kanta kamar ɗumin murhu, tana haɗiye kuka tare da ƙurar auduga.

Ranar Asabar ta biyu a watan Yuli aka yi bikin asibiti, kamar kowace shekara, don ƙaramin asibitinmu ya sami abin riƙe gadajensa. Abin da ya bambanta bikin wannan shekarar shi ne mai gidan silima ya ɗauko mai ɗaukar hoto daga Manchester, wani siririn mutum mai tari. Ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a saman matakalar coci, ya kori kowa daga wurin. Da yayyafi ya fara sai ya waiga ya ga Selina tsaye a ƙasa ita kaɗai, don Florrie tana cikin jerin gwano, Goggo Tamar kuma gwiwa ta hana ta fitowa.

"'Yammata, taimaka ki hau ki riƙe mini lema a kan akwatin nan. Ni in na jiƙe zan bushe, shi kuwa sai dai a binne."

Haka ta tsaya kusa da shi, hannu biyu a kan lema, yana juya hannun akwatin kirr-kirr kamar mai niƙa. Jerin gwanon ya yi ta wucewa gabanta kamar kogin launuka. Ta ji ganga a ƙirjinta, ta ji ƙarar kwabbai cikin gwangwani, ta ji ƙamshin gasasshen dankali ya gauraya da warin jiƙaƙƙun dawaki. Fuska ko ɗaya ba ta gane ba.

Can sai titi ya ɗauki shewa. Wasu maza huɗu cikin kayan ungozoma suka ɓullo suna tura keken jarirai da aka ƙera da amalanken kwal, cikinsa wani farin tuli mai hula. Hular babba ce, faffaɗan bakinta ya rufe fuskar ta gefe da gefe, ba mai ganin ta sai wanda ke gabanta sak.

"Ku tsaya nan! Ku juyo mini da shi!" mai hoto ya yi ihu. Ya murɗa wani gilashi a bakin akwatin, ya ci gaba da niƙa. Can ya yi 'yar dariya. "Wannan jaririn akwai surutu. Sai motsa baki yake."

Selina ta yi murmushin ladabi, ta ɗaga ido ga lemar da iska ke neman ƙwacewa. Da ta sauke ido, farin tulin ya yi gaba.

Ran Litinin, lokacin abincin rana, suna zaune a bakin sito suna cin burodi da kitse, Florrie ta ce, "Kin ji jaririnki zai bar mu?"

"Wane jariri?"

"Ji ta! Amos mana. Ba shi aka tura a keke ba? Ni har yanzu ban san abin da suka ba shi ya sha ya yarda ba. To ya faɗa wa Haworth Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe. Wai wurin wansa zai koma, bakin teku, kamun kifi. Shi da tsohuwar gaba ɗaya."

Selina ta daina tauna. "Saboda me?"

"Ni kike tambaya? Wata shida kin mayar da bawan Allah ginshiƙi. Don Allah me ya yi miki? In wani kika samu ki faɗa mini, in san wanda zan fara yi wa gulma."

"Ba kowa."

"To girman kai ne? Littattafan nan ne suka hau miki kai, kina jiran ɗan sarki a kan farin doki? Ƙawata, a garin nan farin doki ɗaya ne, shi ma keken madara yake ja."

Selina ta buɗe baki za ta faɗa. Sai ga Mista Haworth ya gifta, agogo a hannu. Ta haɗiye maganar tare da burodin.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofar masaƙa tana jiran Amos. Sai da ya zo daf da ita ta gane shi. Ya yi ja har kunne, ya taɓa bakin hularsa, ya wuce da sauri kamar mai tsoron ruwa ya tarar da shi. Ran Talata ta wata ƙofar ya fita.

Laraba ce ranar nuna hoton. Ƙarfe shida da rabi, rana na nan ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, masaƙa gaba ɗaya ta kwarara gidan silima, ƙarar takalman katako ta cika titi. Goggo Tamar ta ce ko a kan jaki sai an kai ta. Florrie kuwa ta ja su can baya, kujeru masu taushi.

"Yau ba zan zauna a benci da yara masu majina ba," in ji ta. "Ni da na fito a majigi."

Amos bai zo ba. Selina ta tambaya sau biyu.

Aka kashe fitilu, ƙanwar likita ta hau kaɗa fiyano, farin ƙyallen ya fara rawa da haske. Nan take ɗakin ya kaure. "Ga Baba! Baba ga ka can!" "Ku dubi tumbin mahauci cikin rigar matarsa!" "Wayyo, ashe haka nake tafiya? Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?" Mutanen Manchester sun ɗauka hoto marar murya suka kawo mana, sun manta wa za su nuna wa. Da matar magajin gari ta fito cikin keken doki tana murmushi tana ɗaga hannu, ta ɗan karkata ga mijinta, ɗaki ya fashe gaba ɗaya, don kowa ya ga abin da ta ce: takalmin nan zai kashe ni, kuma kai ka saya. Ƙanwar likita, wadda ba ta taɓa taka masaƙa ba, ta waiga tana neman abin dariyar.

Selina tana dariya in an yi dariya. Abin da take gani haske ne da inuwa suna kokawa.

Sai rubutu ya fito, Florrie ta karanta da ƙarfi: "Jaririn gari na kukan madara!" Aka yi shewa, aka buga ƙafa. Wani ya yi kukan jariri daga gaba.

Sannan dariyar ta fara mutuwa, layi bayan layi, kamar yadda ruri ke mutuwa in an kashe babban injin masaƙa. Ba tari, ba motsin takalmi. Fiyano kaɗai ke ta tsalle-tsallenta cikin shirun, ita ba ta san abin da ake ciki ba. Selina ta ƙura ido har suka yi zafi. Wani babban fari ne a kan ƙyallen, da ɗan duhu a ƙasansa yana buɗewa yana rufewa. Ta ji yatsun Florrie sun nutse a hannunta.

Hoton ya ƙare, aka kunna fitilu. Ta ji ƙarar kujeru, ta ga fararen fuskoki suna juyowa gare ta, ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin gaba ɗaya.

"Wayyo Selina," Florrie ta ce, hawaye har haɓa. "Kina tsaye a wurin. Kina kallon sa ya faɗi wannan, kika bar shi ya wuce?"

"Me ya ce?"

"Kamar yaya me ya ce? Ga fuska nan kamar bangon coci!"

"Zuciyar wasu dutse ce," wata mata ta faɗa daga gefe, ba ta ko rage murya ba.

Layi biyu gabansu Selina ta gane sanƙon Mista Haworth yana ƙyalli. Ta san akwai hanya mai sauƙi: ta sunkuyar da kai, ta fita, a waje ta lallaɓa Florrie ta maimaita mata, asirinta ya zauna a rufe, injinanta huɗu su zauna nata. Amma wata shida ke nan ba ta ga bakin Amos ba. Maganar nan tata ce, ita aka yi wa, kuma kowa a garin ya samu daga bakinsa sai ita. Ba za ta karɓe ta daga bakin wani ba, ko da bakin Florrie ne.

Ta miƙe.

"Ban gani ba," ta ce. Muryar ta fito siririya, ta sake ɗagawa. "Ba na gani daga nan. Ran Asabar ma ban gani ba. Tun hunturu duk abin da ya wuce taku huɗu ba na ganin sa."

Goggo Tamar, wadda ba ta jin ko tsawa amma ba motsin leɓen da ke wuce ta, ta buga sanda a ƙasa.

"Na sani!" ta ce da muryarta ta kurame, wadda ake ji har titi. "Tun ranar da ta ce wa akwatin wasiƙa ina kwana na sani! Ina jira ne in ga ranar da taurin kan gidan Ormerod zai ƙare!"

Aka yi wata irin dariya mai haɗe da jan hanci. Goggo ta juya ga ramin da haske ke fitowa a bangon baya.

"Kai mai majigi! Mayar da shi! Kuma ka rage gudu, ba tseren doki muka zo kallo ba."

Mai majigi ya leƙo ya ce akwai wasu a waje suna jiran nasu lokacin. Sai takalman katako ɗari biyar suka fara dukan daɓe tare, dum, dum, dum, har ƙura ta riƙa saukowa daga rufi. Kansa ya koma ciki.

Selina ta bi tsakiyar ɗakin ta gangara ita kaɗai, har bencin farko. Yara suka matsa mata. Ƙanwar likita ta ɗaga hannu za ta fara kiɗa, wani tsoho ya ce mata a hankali, "Baiwar Allah, huta tukuna."

Dawakai suka sake wucewa, a hankali wannan karon, da mahauta, da matar magajin gari da takalminta. Ba wanda ya yi dariya. Rubutun madara ya zo ya wuce.

Sai ga shi.

Ta manta yana da ɗan tabo a gira. Ta manta yadda kunnensa na hagu ya fi na dama fitowa, har hular jarirai ba ta iya ɓoye shi ba. Fuskar ta cika duniya, kowane gashin ido a fili, ɗigon ruwa na rawa a bakin hular. Yana kallon gefen akwatin kaɗan, inda wata wawuya ke tsaye tana fama da lema. Leɓunansa suka buɗe, manya, a natse, yadda ta san su.

"Selina. Ni ne, kada ki yi dariya. Na ce tunda yau na riga na zama abin dariya, ba abin da ya rage in ji tsoro. Ban san laifin da na yi ba. In maganar kare ce, na manta da ita. Kullum ina ganin abubuwa a hanya, ba ni da wanda zan kai wa. Na gyara ɗakin sama, tagarsa na kallon kwari. Goggo akwai wurinta a ƙasa, kusa da murhu. Ki aure ni. Ba sai kin yi magana ba, gyaɗa kai kawai. In ba ki gyaɗa ba na gane, ba zan ƙara damun ki ba."

Bakin ya rufe. Yana jira. Mai hoton nan, Allah ya saka masa, bai daina niƙa ba, don haka duk jiran yana ciki: yadda girarsa ta ɗaga da fata, yadda ta zauna a sama tana jira, yadda ta fara saukowa a hankali. Ɗigon ruwan ya faɗo. Keken ya motsa, ya bi ta da kallo har bakin hular ya rufe shi.

Selina tana gyaɗa kai. Kwana huɗu a makare, ga farin ƙyalle, tana gyaɗawa tana ƙara gyaɗawa, hawaye na sauka a kan hannuwanta.

Kafin a buɗe ƙofa Goggo Tamar ta riga ta tsaya a bakinta, sanda a gicciye.

"Ku saurara, 'yan gulma. Yaron nan yana can bisa tudu bai san an nuna cikinsa a kasuwa ba. Duk wanda ya riga yarinyar nan kai masa labari, da baki ko da leɓe, ni da shi ne. Na san asirin iyayenku duka, shekara arba'in ina karantawa."

Abin da ba a taɓa yi ba a Brackenroyd aka yi: magana ta kwana a bakin mutum ɗari biyar.

Ran Alhamis da safe inji dubu suka tashi da ruri kamar kullum, sai dai ba bakin da ke motsi a ɗakin, kowa ya dafe leɓe kamar mai riƙe da allura. Selina ta bari aiki ya kankama. Sannan ta kashe injinanta huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ta kifa kwandon zare, ta hau. Ta fuskanci layi na biyar, inda wani dogon fari mai kafaɗa ke sunkuye. Ta ɗaga hannu ta kaɗa, yadda muke kiran mutum. Ba ta da hanyar sanin ko ya ɗago. Ta dai buɗe baki sosai, yadda na ƙarshen ɗaki ma zai gani.

"Amos Duckworth. Ba girman kai ba ne, ido ne. Daga nan ba na ganin ka. Ran Asabar ban san kai ne ba. Jiya na gan ka a majigi, da hular da komai, na ji duk abin da ka ce. Na gyaɗa. Ga shi ina gyaɗawa yanzu. Amma in kana da amsa sai ka matso, don ba za ta iso ni daga can ba."

Ta tsaya a kan kwandon tana jira. Farin bai motsa ba. Ta ji an ja bakin siket ɗinta, ta duba ƙasa, Florrie ce, leɓunanta na gudu.

"Ya gani. Ya tsaya kamar an dasa shi. Bakinsa a buɗe, ƙuda zai shiga. Ya saki ƙoshiyar saƙa. Yana zuwa! Wayyo, ya yi karo da kwando. Ya tashi. Sauko mana, sakarya, ko a sama za ki tarbe shi?"

Ta sauko. Farin yana girma, yana yin gefe da gefe. Kafaɗa ta fito, sannan kunnen nan na hagu, sannan auduga a gashinsa, sannan idanu, jajaye, jiƙaƙƙu. Ya tsaya inda in ta miƙa hannu za ta taɓa maɓallin rigarsa. Bai taɓa tsayawa kusa da ita haka ba. Wuyansa ya yi ja, leɓunansa suka yi rawa suka ƙi buɗewa, hannunsa na neman hular da zai murza, babu.

Sai Mista Haworth ya shigo tsakaninsu, agogo a hannu. Ya matso daf da fuskar Selina don ta gani da kyau.

"Inji biyu na karɓa daga yau," ya ce da leɓe. "Likitan ido na zuwa asibitin nan ran Juma'a, tunda dai mun yi masa bara cikin ruwa. Ki je. In kin dawo da tabarau, in ga saƙarki, sai mu yi magana. Ban yi alkawari ba."

Ta gyaɗa kai. Abin ya yi mata zafi, amma bai kai yadda ta zata ba.

Ya juya ga Amos. "Kai kuma, kifin fa?"

Amos ya girgiza kai da ƙarfi har audugar ta tashi daga gashinsa. Haworth ya dubi agogonsa, ya mayar da shi aljihu, ya taka zuwa layi na biyar, ya tsaya gaban injinan da aka bari suna gudu ba mai su, ya juya wa su biyun baya.

Selina ta juyo ga Amos. Ba ta ƙarasa masa ba, yadda kowa ke yi. Ta kafa ido a bakinsa kawai, tana jira, kamar yadda shi ma ya jira ta a cikin ruwa. Leɓen ƙasa ya motsa, ya tsaya. Ya sake motsawa. Ya ja numfashi, ya rufe ido, ya buɗe.

"Yau da safe," ya ce, ƙanana, ba irin na layi biyar ba, irin waɗanda ba mai iya karantawa sai ita, "na ga zomo a kan katanga. Biyu ne."

"Sai me?" ta ce. "Faɗa mini duka. Daga farko."